Yadda Ake Auna Abin da Ganyen Itatuwa Ke Tarowa Daga Iska, Mataki-Mataki

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin darbejiya a ranar ruwan farko ya san cewa abin da ke ɗigo masa a riga ba ruwa ba ne zalla, ja ne kamar an dama ƙasa. Ƙurar da iskar hunturu ta kwaso tun daga Bodele a arewacin Chadi, da tokar ƙonar daji, da hayaƙin motoci, duk sun shafe watanni suna kwanciya a kan ganye, ranar nan ruwa ya wanko su ƙasa. Ɗalibai masu aikin kammala karatu a fannin gandun daji da kimiyyar ƙasa sun sha tambayata yadda ake auna wannan abu, nawa ne taki a cikinsa, nawa ne kuma ƙarfe mai guba. Ga yadda nake yi, da wuraren da na ga mutane suna faɗuwa, har da ni kaina.

Ruwa uku za ka tara. Na farko ruwan fili, wanda bai taɓa ganye ba. Na biyu ruwan ɗigo, wanda ya ratso ta cikin ganye ya sauko. Na uku ruwan jikin itace, wanda ya biyo rassa ya gangaro ta gindi. Amsar da kake nema tana cikin bambancin da ke tsakanin na farko da sauran biyun. Wanda ya auna ruwan ɗigo kaɗai bai auna komai ba.

1. Zaɓen wuri da neman izini

Nemi kurmi ko shuka mai faɗin aƙalla mita 50 sau 50, wato rubu'in hekta, wanda ke da buɗaɗɗen fili kusa da shi. Filin nan kada ya yi nisa, don hadarin damina yakan zuba a unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita a bushe. Kada kuma ya manne da itatuwan: bar tazarar da ta kai tsawon itacen da ya fi tsayi sau biyu.

Irin itacen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Darbejiya da tsamiya da mangwaro suna riƙe da ganye a yawancin rani, su ne manyan matattarar ƙura. Kuka takan zubar da nata da rani, ƙurar ta samu rassa kawai. Gawo kuwa akasin kowa yake yi, da rani yake ganye, damina na sauka ya kakkaɓe. Idan ka sa mazurari ƙarƙashin gawo a watan Agusta kana jiran ka ga aikin ganye, ƙaya da rassa kawai ruwan ya ratso. Ba laifi ba ne a auna shi, hasali ma kwatanta gawo da darbejiya aiki ne mai daɗi, amma ka san abin da kake kwatantawa.

Gargaɗi: dazuzzuka irin su Falgore da Kamuku da Rugu sun dace a takarda, amma halin tsaro ya sa ba wurin da za ka riƙa shiga duk mako ba ne. Shukar itatuwa ta cikin makaranta, ko layukan itatuwa na tare iska irin na wajen Dambatta ko kwarin Majiya a Nijar, sun ishe ka. Ka je wurin ma'aikatan gandun daji, sannan ka gaida mai unguwa ko dagaci, in akwai ruga kusa ka ga arɗo. Ka nuna musu jarka da mazurari, ka ce ruwan sama kake aunawa. Jarkar da ba a san mai ita ba, an binne ta a daji, ko dai a ɗauke ta ko a ce asiri ne.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Za ka buƙaci mazurarai na farar roba masu faɗin baki santimita 20, guda 20 na ƙarƙashin itatuwa da 3 ko 4 na fili. Kowane mazurari da jarkarsa mai cin lita 5, sabuwa fil, fara. Sai bututun roba na famfo mai faɗi da za a yanka a yi turaku, da siririn tiyo, da ragar nailan, da safar hannu ta roba marar hoda, da kwalaben roba masu cin mililita 100 zuwa 250, da silindar awo, da sirinji da matatarsa, da kula ta sa ƙanƙara. Na'urar auna tsami da ta auna gishirin ruwa, ara za ka yi a ɗakin gwaje-gwaje.

Farashi ba ya kwana wuri ɗaya yanzu, don haka lissafin adadi ya fi maka amfani. Kayan fili duka ba su kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin gwaji, domin ɗakin gwaje-gwaje kan caji kowane sinadari a kowane samfuri daban. Mazurari 24, mako 18 na damina, samfuri 432 ke nan. In sinadari takwas kake nema, gwaji 3,456 za ka biya. Ba ɗalibin da zai iya. Dabarar ita ce ka auna yawan ruwan kowace jarka daban, amma ka haɗa ruwan jarka biyar-biyar su zama samfuri ɗaya. Da haka na ƙarƙashin itace ya koma huɗu, na fili ɗaya ko biyu, na jikin itace ɗaya, kusan samfuri bakwai a mako. Je ka tambayi farashin gwaji kafin ka sayi ko da mazurari ɗaya.

Gargaɗi: kada ka sayi tsohuwar jarkar man gyaɗa ko manja don sauƙi. Araha ba ta ado. Ka kuma guji roba mai launi, musamman ja da rawaya, don wasu rinin roba na ɗauke da kadmiyam da dalma. Raga kuma kada ka yanko daga gidan sauro, an jiƙa shi da magani.

3. Wanke kaya

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ake ganin ƙyuya. Ƙarfen da kake nema a ruwan sama ɗan mitsitsi ne, ana lissafa shi da kashi ɗaya cikin biliyan. Zufar yatsanka kaɗai na iya ƙara sodiyam da fotasiyam a samfuri.

Raba kwalabenka gida biyu, ka sa musu alama tun yau. Na ƙarafa, wato dalma da tutiya da jan ƙarfe da kadmiyam, jiƙa su kwana ɗaya cur a asid na naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, sannan ka ɗauraye da tataccen ruwan ɗakin gwaje-gwaje sau uku ko fiye. Na kayan taki, wato naitiret da amoniyam da fosfet da sauransu, kada asid ɗin nan ya kusance su, domin shi kansa naitiret ne, ɗigo ɗaya ya rage a kwalba ya ninka maka sakamako. Su tataccen ruwa kawai za ka yi ta ɗauraye su da shi. Haka ma mazurarai da jarkoki, tun da ruwa ɗaya ne za a raba wa gidajen biyu, tataccen ruwa ya fi musu. Sabulun gari ma ka ajiye shi gefe, da yawansu na da fosfet, kusan dukansu kuma na da sodiyam.

Gargaɗi: ruwan batir na bakin titi ba tataccen ruwa ba ne ko me aka rubuta a jikin robar, ruwan leda ma haka. Wajen haɗa asid kuwa, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Sa tabarau da safar hannu. Bayan kaya sun bushe a ɗaki marar ƙura, ƙulle kowanne a sabuwar leda har sai ka isa daji.

4. Kafa mazurarai

Ganyen itace ba ya zubar da ruwa daidai wa daida. Wani wurin lema ne, taku biyu gaba kuma indararo ne. Saboda haka kada ka bi son zuciyarka ka zaɓi inda ya yi maka kyau. Ja igiya ka yi layi huɗu a cikin filin, tsakanin layi da layi mita 10, a kowane layi ka kafa turke biyar, tsakaninsu mita 10. Duk inda awo ya faɗa nan za ka kafa, ko da gurbi ne da ake hango sama. Gurbin ma cikin dajin yake.

Bakin mazurari ya kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa, don kada ruwa ya fantsamo da laka ciki. Ya zauna a miƙe, duba da ma'aunin magina. Sa ɗan guntun raga a wuyansa don tare ganye da ƙwari. Jarkar kuma ta samu duhu da sanyi: ko dai ka haƙa rami ka saka ta ka rufe, ko ka lulluɓe ta. Rana na dukanta gansakuka zai tsiro, ƙwayoyin halitta su cinye amoniyam da fosfet kafin ka zo. Na fili ma haka za ka kafa su, tsayi ɗaya, kaya iri ɗaya, sai ka ƙara da ma'aunin ruwan sama na gaske a gefensu.

Gargaɗi: kada ƙarfe ko kaɗan ya raɓi hanyar ruwan. A shekarata ta farko turakun katako na yi, gara ta fara cin su, mazurarai suka karkace. Sai na samu wayar ɗaure shinge na ɗaɗɗaure guda shida, na zagayo da ita ta saman baki. Da sakamako ya fito, tutiyar waɗannan shida ta yi sama da ta sauran nesa ba kusa ba. Kwana biyu ina murna na gano gurɓatar iska, har sai da mai kula da ɗakin gwajin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya dubi takardar ya ce, "Malam, da me ka ɗaure mazuraran nan?" Wayar shinge da kwanon rufi galibi shafe suke da tutiya, haka ma wasu ƙusoshi. Na zubar da sakamakon tutiya na wata biyu. Turken roba da igiyar nailan kawai.

5. Tarar ruwan jikin itace

Zaɓi itace biyar zuwa takwas, manya da ƙanana. Tsaga tiyo a tsaye ya zama kamar kwalbati, ka naɗa shi a gangar itacen zagaye biyu yana gangarowa, ƙarshensa ya shiga jarka mai lita 20 ko fiye. Toshe tsakanin tiyo da ɓawo da gam na silikon, ka zuba tataccen ruwa daga sama ka ga ko yana yoyo. Itace mai santsin ɓawo da rassa masu miƙewa sama, kamar turare, yakan ba da ruwa da yawa har jarka ta cika ta tumbatsa. Mai kaushin ɓawo kamar kaɗanya kaɗan yake bayarwa, amma mai kauri. Yawanci wannan ruwa ƙaramin kaso ne na jimillar. In kuɗi ya yi maka kaɗan, nan za ka rage, ka faɗi a rahotonka cewa ba ka auna shi ba.

6. Kafin damina: wanke ganye, da tsaron ruwan farko

Jagororin da aka rubuta don dazukan Turai suna ɗauka cewa ana ruwa duk shekara. Mu kuwa muna yin wata shida ko bakwai ba ɗigo, kuma a cikin watannin nan ne, daga Nuwamba zuwa Maris, ƙura ta fi sauka. Mazurari ba ya gaya maka komai a lokacin. Don haka sai ka je wa ganyen da kanka.

Sau ɗaya a wata, tsinko ganye 20 zuwa 30 daga kowane itacen da ka ware, wasu daga gefen arewa maso gabas da iskar ke bugowa, wasu daga ɗaya gefen, wasu sama wasu ƙasa. Riƙe ta tsinken da safar hannu, kada ka girgiza, saka kai tsaye cikin kwalba mai faɗin baki. A ɗakin gwaji zuba tataccen ruwa wanda ka san yawansa, ka jujjuya minti biyu ko uku kawai. In ka bar shi ya jiƙu, ganyen zai fara sakin fotasiyam na cikin jikinsa, ka lissafa shi a matsayin ƙura. Tace ruwan a takardar da ka riga ka auna nauyinta, busar, sake aunawa: bambancin shi ne nauyin ƙurar. Sannan shimfiɗa ganyen a takarda mai gida-gida ka zana, ka ƙirga faɗinsu, don sakamakon ya fito a matsayin miligiram a kowace murabba'in mita ta ganye.

Sai ruwan farko. Mazuraranka su kasance a kafe tun Afrilu, a wanke, a rufe da leda. Ranar da ka ga hadari ya haɗo da gaske, a buɗe su. Kana buƙatar wani na kusa da wurin, mai gadi ko manomi, wanda ka koya wa yadda ake cire ledar ba tare da taɓa cikin mazurari ba, ka kuma riƙa sallamarsa. Ruwa biyu ko uku na farko su ne ke sauko da abin da rani ya tara. Wanda ya fara aikinsa a Yuli, bayan ganye ya wanku tas, zai rubuta cewa itatuwa ba sa tara ƙura sosai, kuma ƙarya ce ya rubuta ba da saninsa ba. Waɗannan ruwan na farko kwashe su washegari, kowanne daban, kada ka haɗa su da na mako.

7. Kwasar ruwa

Bayan haka sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe. A Agusta ƙara zuwa sau biyu. Kafin ka taɓa komai leƙa cikin mazurari. In ka ga kashin tsuntsu, auna yawan ruwan ka rubuta, amma ka zubar da shi, kada ya shiga haɗi, don fosfet da amoniyam ɗinsa zai ɓata na jarka huɗun da ke tare da shi. Haka in ƙadangare ko kwaɗo ya mutu ciki. Rubuta duk abin da ka gani: an ƙona ciyawa kusa, shanu sun ratsa, tsutsa na cin ganye, itace ya yi fure. Kashin tsutsa da furanni na ƙara taki a ruwan ɗigo, in ba ka rubuta ba, wata uku nan gaba ba za ka san dalilin da lamba ta yi tsalle ba.

Wajen haɗa jarkoki, ɗebi gwargwadon yawan ruwan kowacce, misali kashi ɗaya cikin goma na abin da ke ciki, ba kofi ɗaya-ɗaya ba. Sauya jarka da wankakkiya, ɗauraye mazurari da tataccen ruwa. Duk zuwa na uku ko na huɗu, zuba tataccen ruwa ta cikin wani mazurari mai tsabta a can dajin, ka kai shi gwaji tamkar samfuri. Shi ne shaidarka. In aka samu dalma a cikinsa, daga kayanka take, ba daga sama ba.

8. Tacewa, adanawa da gwaji

Auna tsami da gishirin ruwan a ranar, kafin tacewa. Sannan tace da matata mai ƙofar 0.45 maikiromita, ka raba gida biyu. Na ƙarafa ɗiga masa asid na naitirik mai tsabta sosai har ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 2, hakan zai hana ƙarfen mannewa a jikin kwalba. Na taki sa shi a sanyin digiri 4 a gwada cikin 'yan kwanaki. In wutar lantarki ba ta da tabbas, ɗan ƙwayar wani sinadari mai suna taimol a kwalba na hana ƙwayoyin halitta cin abin da ke ciki, amma ka gaya wa mai gwaji ka saka.

Kada ka jefar da matatar. A ƙasa mai ƙura irin tamu, babban kaso na fosfarus da baƙin ƙarfe da dalma yana manne da ƙwayar ƙurar, bai narke ba. Busar da matatun ka ajiye, a narkar da su da asid a gwada daban.

Gargaɗi: sodiyam da fotasiyam, na'urar harshen wuta ta gama-gari, mai auna sinadari ta launin da yake ba wuta, ta isa. Kalsiyam da maganisiyam da tutiya, na'urar AAS mai harshen wuta, wadda ke auna ƙarfe ta yawan hasken da yake zuƙewa, za ta iya. Dalma da kadmiyam na ruwan sama kuwa sun yi mata ƙanƙanta, sai AAS mai murhun girafait ko wata na'urar da ta fi su gani mai suna ICP-MS. Tambayi mai gwaji mafi ƙarancin abin da na'urarsa ke iya gani. In an ba ka lambar da ta gaza wannan iyaka, ba sakamako ba ce. Na ga rahotanni da ke nuna dalma mai yawa a ruwan saman ƙauyen da ba masana'anta, shekaru bayan an daina sayar da fetur mai dalma, kuma ba wanda ya tambayi samfurin shaida. Inda ake da dalilin zato na gaske daban ne, kamar kusa da masu narka tsohon batir, ko garuruwan da ake niƙa dutsen zinare irin na Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda ƙurar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. A irin wuraren nan sa takunkumi kafin ka taɓa ganye mai ƙura.

9. Lissafi

Mazurari mai faɗin santimita 20 bakinsa murabba'in santimita 314 ne, don haka kowane mililita 31.4 a jarka daidai yake da ruwan sama milimita ɗaya. Ka samu mililita 942, ruwan milimita 30 ke nan. Ninka wannan da abin da ɗakin gwaji ya ba ka: in fotasiyam miligiram 2 ne a lita, sau 30 ya ba da miligiram 60 a murabba'in mita. Raba da 100, ka samu kilo 0.6 a hekta. Yi haka ga kowane mako ka tara. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta ƙarfin sinadari a lita kawai. Ganye na riƙe wani ruwan ya bushe a kansa, sai na ɗigo ya ƙara kauri ko da ba a ƙara masa komai ba. Kilo a hekta ake kwatantawa.

Yanzu haɗa na ɗigo da na jikin itace, ka cire na fili. Abin da ya rage aikin ganye ne, amma kashi biyu ne a cakuɗe: abin da ganye ya taro daga iska, da abin da ya fito daga cikin ganyen kansa. Fotasiyam da manganis ganye ne ke zubar da mafi yawansu, daga ƙasa saiwa ta jawo su, juyawa kawai suke yi. Wanda ya ce duka daga sama suka zo ya yi wa iska kyautar abin da ba nata ba.

Hanyar rabewa da aka saba, wadda Bernhard Ulrich ya fitar daga aikinsa a dajin Solling na Jamus, tana amfani da sodiyam, bisa cewa ganye ba ya shan sa, ba ya kuma fitar da shi. Ga misali da lambobin koyo kawai. Sodiyam a fili kilo 2, a ƙarƙashin itace kilo 3: ganye ya ƙara rabin abin da ruwa ya kawo. Sai ka ɗauka haka ya yi wa fotasiyam. In na fili kilo 4 ne, ƙura ta ƙara 2, daga iska 6 ke nan. In ka auna 20 a ƙarƙashi, 14 na ganye ne.

Sai dai a Turai yawancin sodiyam ɗin gishirin teku ne, namu kuwa ƙurar ƙasa ce, kuma ba lallai rabon sinadarai a ƙurar ya yi daidai da na ruwan sama ba, musamman kalsiyam. Don haka kada ka dogara da sodiyam shi kaɗai. Gwama shi da sakamakon wanke ganyen da ka yi da rani. In kana da hali, rataya ganyen roba a saman mazurari biyu a fili: suna tara ƙura amma ba su da abin da za su zubar daga jikinsu, duk abin da suka ƙara na iska ne.

In kuma ka ga amoniyam ko naitiret na ƙarƙashin itace ya gaza na fili, lissafin ya ba ka lamba mai ragi, kada ka goge ta ka ce kuskure ne. Duba samfurin shaida, duba ko ruwan ya daɗe a jarka cikin zafi. In duka lafiya lau, ganyen ne da ƙananan halittun da ke kansa suka shanye naitirojin ɗin tun kafin ya kai ƙasa, an fi ganin haka a lokacin da itace ke fitar da sabon toho. Rubuta lambar da alamar raginta yadda ta fito.